Kafin ka ci bashin sayen babbar kwamfuta, zauna mu yi lissafi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu cin abinci da kwamfuta, tun daga mai tace bidiyon biki da mai zanen fosta da katin gayyata, har zuwa mai haɗa kiɗa a situdiyo da wanda ya gama karatun zanen gine-gine yana neman kwangilarsa ta farko. Da ka tambayi mutum me ya sa aikinsa bai kai na wane ba, sai ya ce maka, "Ai injina ne ba shi da ƙarfi." Kafin ka ce wani abu ya zaro waya, ya nuna maka hoton wata dirkekiyar kwamfutar tebur da ya gani a YouTube, mai ƙyalli kamar a lashe, ya ce ranar da ya mallaki wannan an gama magana.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kana cikin masu wannan buri, shafin yau naka ne. Buri ba laifi ba ne, kuma son kayan aiki nagari alama ce ta mai ɗaukar sana'arsa da muhimmanci. Sai dai matsayinmu a fili yake: waɗannan manyan kwamfutocin tebur da ake tallatawa da sunan na ƙwararru, irin su Mac Pro na kamfanin Apple, da manyan samfuran HP Z, da Dell Precision, da Lenovo ThinkStation, ba don kai aka ƙera su ba. Kai, ba ma don mafi yawan ƙwararrun duniya aka yi su ba. An yi su ne don wasu 'yan tsiraru masu wani irin aiki na daban. Kai da kake tara kuɗin adashe, ko kake lallaɓar Baba ya sayar da fili a saya maka inji, ya kamata ka san haka tun kuɗin ba su bar hannunka ba.

Labarin Mac Pro ya ishe mu misali

Babu inda wannan batu ya fito fili kamar a tarihin Mac Pro, domin ita ce sarauniyar irin waɗannan injuna a idon masu harkar hoto da sauti. A shekarar 2006 Apple ya fara fitar da ita, akwati ne na ƙarfe mai girma, farashinta dala 2,499. Kuɗi ne masu yawa kam, amma mai ɗaukar hoto ko mai ƙaramin situdiyo a Amurka ko Turai yana iya daurewa ya saya. Kuma idan ya saya, yana buɗe gefenta ya ƙara RAM, ya ƙara ma'adana, ya canza katin hoto, ta yi masa shekaru tana aiki.

A ƙarshen 2013 sai kamfanin ya sauya fasali gaba ɗaya. Ya fito da wata baƙar Mac Pro mai siffar gwangwani, wadda mutane suka yi ta tsokana suna kira kwandon shara, a kan dala 2,999. Ga kyau a ido, ga ƙanƙanta, amma babu wurin ƙara komai na kirki a cikinta. Shekaru suka yi ta wucewa ba a sabunta ta ba. A watan Afrilun 2017 manyan jami'an kamfanin, ciki har da Phil Schiller da Craig Federighi, suka tara wasu 'yan jarida suka amsa cewa tsarin fitar da zafin injin ya ɗaure musu hannu, ba za su iya sa masa sababbin katunan hoto masu ƙarfi ba. A wannan zaman ne kuma suka faɗi wani abu da ya kamata ka riƙe: kimanin kashi 80 cikin ɗari na kwamfutocin Mac da suke sayarwa laftof ne, sannan Mac Pro ba ta kai kashi goma cikin ɗari na cinikin ba. Ka ji daga bakin masu ita.

Da suka tashi gyara kuskuren a 2019, sai suka yi tsalle suka wuce kan talakan ƙwararru. Sabuwar Mac Pro ta dawo siffar akwati, ana iya buɗe ta, tana da ramukan ƙarin kati guda takwas, tana ɗaukar RAM har terabait 1.5, amma mafi arharta dala 5,999 ce, kuma a wannan kuɗin ma'adanar gigabait 256 kacal za a ba ka, wadda wayoyin hannu da yawa suke da ita yau. Idan ka ce a cika maka ita da komai da komai, kuɗin ya haura dala 50,000. Allon da aka fitar tare da ita dala 4,999 ne, ƙafar da zai tsaya a kai kuma daban ake sayenta, dala 999. Ranar da aka sanar da kuɗin ƙafar nan a taron kamfanin, sai da ɗakin ya ɗauki guna-guni. Tayoyin da za a sa wa akwatin don a riƙa tura shi ma dala 400 ne idan ka haɗa da su wajen saye.

To a nan ne rigima ta kaure tsakanin masu amfani da Mac. Masu ɗaukar hoto, masu zane, masu rubuta manhaja da masu ƙananan situdiyo suka ce, mu da muka yi shekaru muna roƙon akwati matsakaici da za mu iya buɗewa, sai aka kawo mana tirela alhali a-kori-kura muka nema. Kuma gaskiyarsu ce. Wanda zai ɗauko buhu goma daga Dawanau ba ya bukatar tirela. Idan ya yi hayarta ma, kayan ba za su riga isowa ba, kuɗin mai ne kawai zai kashe shi.

Abin da ya biyo baya ya fi koyar da darasi. A Nuwamban 2020 Apple ya fara sa ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, M1, a ƙananan kwamfutocinsa. Sai ga laftof ɗin MacBook Air ta dala 999, wadda ko fanka babu a cikinta, tana tace bidiyon 4K lafiya lau. A Maris 2022 aka fito da Mac Studio, ƙaramin akwati a kan dala 1,999. Da aka sake sabunta Mac Pro a 2023, farashinta ya koma dala 6,999, alhali ƙwaƙwalwar da ke cikinta, M2 Ultra, ita ce dai a cikin Mac Studio ta dala 3,999. Bambancin dala 3,000 ɗin nan kusan duk na ramukan ƙarin kati ne, ramukan da ba sa karɓar katin hoto, kuma RAM ɗin ma ba a ƙara shi bayan saye. A ƙarshen 2024 kuma Mac mini mai ƙwaƙwalwar M4 da RAM gigabait 16 ta shigo kasuwa a kan dala 599. Sannan a Yunin 2025 kamfanin ya sanar cewa macOS Tahoe ce babbar manhaja ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu ƙwaƙwalwar Intel, wato har da Mac Pro ɗin 2019 da wasu suka zuba wa dubban daloli.

Duba jerin nan da kyau: 2,499, sai 2,999, sai 5,999, sai 6,999. Babbar injin kullum ƙara nisa take yi da mai matsakaicin ƙarfi, ƙananan kuma kullum ƙara kamo ta suke yi a wajen aiki.

Su wa aka yi wa, kuma kana cikinsu?

Kada ka ɗauka muna cewa injunan nan yaudara ce. Akwai masu bukatarsu da gaske. Akwai kamfanonin fim da ke gyara launin hoton da aka ɗauka da manyan kyamarorin sinima, inda fayil ɗin yini guda kan cinye ma'adanar da kai za ka yi wata shida kana amfani da ita. Akwai masu rubuta kiɗan fim da ke loda sautin ɗaruruwan kayan kiɗa a RAM lokaci guda. Akwai injiniyoyin da ke gwada yadda iska za ta bugi fiffiken jirgi ko yadda gada za ta ɗauki nauyi kafin a gina ta, lissafin da kan ɗauki kwanaki injin bai huta ba. Irin waɗannan ne suke bukatar RAM na musamman mai gano kuskure ya gyara da kansa, domin kuskure ɗaya a tsakiyar lissafin kwana uku asara ce babba. Akwai gidajen talabijin masu bukatar katunan shigar da hoto da sauti kai tsaye.

Abu biyu ne ya haɗa mutanen nan. Na farko, lokacinsu yana da tsadar da idan injin ya rage musu awa ɗaya a rana, cikin 'yan watanni ya biya kuɗin kansa. Na biyu, yawancinsu ba daga aljihunsu suke saye ba, kamfani ne yake saya ya sa a lissafin kayan aiki, tare da yarjejeniyar cewa idan ta lalace ma'aikacin kamfanin da ya ƙera ta zai zo har ofis ya gyara.

Yanzu tambayi kanka tsakani da Allah. Bidiyon kamu da na dina da kake tacewa, a ina ake kallonsa? A waya, ta WhatsApp da TikTok da Instagram, waɗanda duk sai sun matse hoton kafin ya isa ga mai kallo. Finafinanmu masu dogon zango ma da yawansu a YouTube ake kallonsu, a kan allon da bai wuce tafin hannu ba. Fostar da kake zanawa a CorelDRAW ko Photoshop, da zanen gidan da kake yi a AutoCAD, yawancin abin da suke yi a kan ɗaya ko kaɗan daga cikin rassan ƙwaƙwalwar kwamfuta yake tafiya. Idan ka sayi injin mai rassa 28, sauran zaune za su yi suna kallo, kamar ka ɗauki leburori ashirin aikin da ƙofar shigarsa mutum ɗaya take ɗauka. Mai rubuta manhajar waya ko shafin intanet, da akanta, da lauya, da ɗan jarida, da malamin jami'a, su kam ba a ma maganarsu. Duk ƙwararru ne, da kwamfuta suke ci da iyalinsu, amma babu wanda aikinsa ya kai rabin ƙarfin waccan injin.

Kalmar "Pro" da kake gani a jikin kaya sunan kasuwa ce. Ana manna ta a waya, ana manna ta a abin sauraren kiɗa na kunne. Ba takardar shaidar ƙwarewa ba ce, kuma rashinta a jikin injinka bai rage maka komai ba a idon kwastoman da ya karɓi aikinsa a kan lokaci.

Lissafin da mai talla ba zai yi maka ba

Mu dawo gida. Duk farashin da muka ambata da dala ne, kai kuma da naira ake biyanka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu a kan naira ɗari huɗu da wani abu a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Idan ka yi lissafi a kan 1,500 ɗin, Mac Pro ta 2023 mafi arha ta kai kusan naira miliyan goma da rabi, ban da kuɗin dako, ban da kwastan, ban da ribar ɗan kasuwa, kuma ko allo ba ka saya ba tukuna. Mac mini ta dala 599 kuwa ba ta cika miliyan ɗaya ba a wannan lissafin. Biki nawa za ka ɗauka kafin ka cike gurbin miliyan tara da ɗoriya?

Sai maganar wuta, wadda ita ce uwa uba. A ƙididdigar da Apple da kansa ya fitar, mafi ƙanƙantar Mac Pro ta 2019 tana jan kimanin wat 100 ko tana zaune ba ta komai, idan aiki ya yi nauyi ta haura 400, wadda aka cika da kaya kuma takan kai wajen 900. Mac mini mai M1 ba ta kai wat 40 ko a tsakiyar aiki. Ka ɗauki injin mai jan wat 400 na awa takwas a rana, yunit uku da ɗan wani abu ke nan. A kuɗin wutar rukunin A da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, ya kama naira 720 a rana, mai wat 40 kuma naira 72. Wannan fa idan akwai wutar ke nan. Idan babu, ƙaramin janaretan nan da kowa ya sani bai kai wat dubu ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka san yadda lita take. Idan sola za ka haɗa, kowane wat da injin ya ƙara, faranti ne da batir da inbata mafi girma za ka ƙara saya. Ga shi kwamfutar tebur ba ta da batir a cikinta. Da an ɗauke wuta ta mutu nan take, tare da aikin da ba ka adana ba, sai idan ka tanadi UPS mai ƙarfin ɗaukarta, wanda shi ma kuɗi ne.

Duk wutar da inji ya ja kuma zafi take komawa a cikin ɗakinka. Apple ya rubuta cewa kwamfutocinsa an tsara su su yi aiki ne a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Kai ka san yadda Kano da Sakkwato da Maiduguri suke a watan Afrilu, ma'auni yana haura 40. Wato babbar inji tana jawo na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma tana jawo babban janareta. Da hunturu ya kama, manyan fankokinta su yi ta zuƙo ƙura suna cusawa ciki. Ranar da wani abu ya ƙone, sai ka tuna Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, dillalai ne kawai masu izini. Kayan gyaran kwamfutar gama-gari kana samu a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, yau-yau ɗin nan. Na waccan kuwa sai an yi oda, kai kana zaune, amarya tana kiran waya tana tambayar bidiyonta.

Tarkon gwanjo

Wani zai ce, ai ni ba sabuwa zan saya ba, ga tokumbo nan da arha. Gaskiya ne kasuwanninmu cike suke da tsofaffin manyan injuna da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, irin su HP Z440 da Z840 da Dell Precision T5810. Mai shago zai ce maka Xeon ce, rassa goma sha biyu, RAM gigabait 64, ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Ba za mu ce ba su da amfani ba. Ƙarfensu nagari ne, an yi su don su jure aiki dare da rana, RAM ɗinsu yana da sauƙin kuɗi, kuma idan ka sa musu katin hoto na zamani da SSD suna iya yi maka aiki.

Amma ka san abin da kake saye. Injunan nan na wajen 2014 zuwa 2016 ne. Rassansu suna da yawa, amma kowane ɗaya bai kai saurin na matsakaiciyar kwamfutar yau ba, kuma mun riga mun ce manhajojin zane sun fi damuwa da saurin reshe ɗaya. Bidiyon da waya da ƙananan kyamarori suke ɗauka a matse yake, a tsarin H.264 ko H.265, kuma ƙwaƙwalen zamani suna da wani sashe na musamman da aikinsa kawai warware wannan matsin. Waɗancan tsofaffin Xeon ba su da shi, sai dai katin hoto ya ɗauke musu. Shi ya sa za ka ga ƙatuwar inji tana tangal-tangal da bidiyon da ƙaramar laftof take kunnawa sumul. Bayan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar ƙwaƙwalen wancan zamanin. Akwai dabarun tilasta mata hawa, amma wanda ke riƙe da fayilolin kwastomomi bai kamata ya gina sana'arsa a kan dabara ba. Ƙara da shan wuta a kai, sai ka ga arhar ta fara guduwa. Kada a yi wa rogo kallon kitse.

Inda masu son babbar inji suke da gaskiya

Adalci ne mu faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. Ƙananan kwamfutocin zamani, musamman na Apple da siraran laftof, an like RAM ɗinsu a jiki. Abin da ka saya ranar farko da shi za ka zauna har injin ta tsufa. Kuma kamfanin yana tsawwala kuɗin ƙari: a Mac mini ta 2024, ɗaga RAM daga gigabait 16 zuwa 24 dala 200 ne, ɗaga ma'adana daga 256 zuwa 512 ma wata dala 200. Idan allon uwar injin ya ƙone, sau da yawa komai ya tafi tare. Ga matashin da kuɗi ke shigo masa kaɗan-kaɗan, wannan matsala ce ta gaske, domin shi ya fi kowa bukatar injin da zai fara da ita a ƙarama ya riƙa gina ta a hankali.

Sai dai maganin wannan ba tsallakawa zuwa injin miliyan goma ba ne. Akwai tsaka-tsaki, kuma shi ne ainihin abin da ƙwararrun can suka yi ta nema: akwatin kwamfutar gama-gari mai Windows, mai ƙwaƙwalwar Intel Core ko AMD Ryzen ta 'yan shekarun nan, wanda kowane mai gyara zai iya buɗewa. Ka fara da RAM gigabait 16, aiki ya buɗe ka mayar da shi 32. Ka fara da matsakaicin katin hoto, shekara ta zagayo ka sayar ka ɗauki na gaba. Wanda ke amfani da Revit ma dole nan zai zo, domin manhajar ba ta da samfurin Mac. Idan kuma wutar unguwarku ba ta da tabbas, ko aikinka na yawo ne, laftof mai kyau da babban allo a gefe ta fi maka kowace kwamfutar tebur, tunda batirinta yana cikinta. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, haka ne, amma nagari shi ne wanda ya dace da aikinka da wutarka da aljihunka.

To me za ka yi?

Kafin ka je kasuwa, fara auna injin da ke gabanka. Buɗe aikin da ya fi wahalar da kai, sannan ka buɗe Task Manager idan Windows ce, ko Activity Monitor idan Mac ce, ka ga wane sashe ne yake cika. Idan RAM ne, ƙara RAM. Idan ma'adana ce, kuma har yanzu tsohon faifai mai juyawa kake amfani da shi, sa SSD, za ka rantse sabuwar inji aka ba ka. Idan zafi ne yake sa ta ja baya, kai ta a buɗe a share ƙura a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da abin sanyaya ta. Idan bidiyon 4K ne yake maƙalewa, koyi yin kwafi mara nauyi ka yi yanka da haɗi a kansa, sai lokacin fitar da aiki manhajar ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve da Final Cut duk suna yin haka, kuma manyan editocin fim ma haka suke aiki. Idan fitar da aikin ne yake ɗaukar awa biyu, sa shi ka tafi sallah ka ci abinci. Sai ranar da jiran nan ya fara sa ka mayar da kwastoma ne maganar sabuwar inji ta taso, kuma ranar kana da kuɗin saye daga aikin da kansa.

Abin da ka rage kuma akwai wuraren da ya fi amfani. Sayi ma'adana ta biyu ka riƙa ajiye kwafin kowane aiki, domin bikin mutane ba a maimaita shi, kuma mai hoton da ya ɓatar da hotunan ɗaurin aure sunansa ya ɓaci a unguwa ko da wace inji yake da ita. Sayi allo mai nuna launi daidai, don kada jan da ka gani a ɗaki ya fito ruwan goro a wajen bugawa. Sayi makirfo da fitila, domin mai kallo yana haƙuri da hoto matsakaici amma ba ya haƙuri da sauti mara kyau. Haɗa 'yar sola da za ta riƙe ka awa shida. Sayi data ka zauna ka koyi gyaran launi da haɗa sauti. Idan wani babban aiki ya faɗo sau ɗaya a shekara wanda ya fi ƙarfin injinka, yi hayar situdiyon wani na kwana biyu ka sa kuɗin a lissafin kwastoma, ko ku haɗa kai ku huɗu ku sayi inji ɗaya mai ƙarfi kuna karɓa-karɓa.

Idan kana neman hujja cewa hannu ya fi inji, ba sai ka je nesa ba. A 2019 duniya ta san wasu samari a Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda suke yin gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi, da koren yadi, da manhajar Blender wadda kyauta ce. Aikin ne ya yi magana har ya kai ga J.J. Abrams, daraktan da ya yi finafinan Star Wars, aka aiko musu da kayan aiki a 2020. Ka lura da yadda abin ya jeru: aiki ya fara zuwa, kaya suka biyo baya. A Maris 2025 kuma fim ɗin zane mai motsi na ƙasar Latbiya, Flow, wanda aka yi da wannan Blender ɗin ta kyauta, ya lashe kyautar Oscar a gaban finafinan manyan kamfanonin Amurka. A wannan daren ne Sean Baker, wanda ya taɓa ɗaukar fim ɗinsa Tangerine da wayar iPhone 5s, ya karɓi kyautar gwarzon darakta.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka ga bidiyon wani yana buɗe kwalin injin dala dubu bakwai, kalla ka more, amma ka tuna da yawansu buɗe kwalin ne sana'arsu, wasu ma aro aka ba su don su nuna. Kai sana'arka ita ce aikin da kwastoma zai karɓa ranar Juma'a. Rubuta ayyuka uku da suka fi kawo maka kuɗi, ka rubuta manhajar da kake yin su da ita, ka duba abin da masu manhajar suka ce tana bukata, ka ƙara kaɗan a kai saboda gobe, ka tsaya nan. Filin Baba kuma a bar shi inda yake. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kawo kasuwa.